Fetur da Lantarki a Mota Ɗaya: Wa Ke Raba Fasahar, Wa Ke Cin Moriyarta?



Mai girma shugaban wannan taro, shugaban kwaleji da mataimakansa, malamai abokan aiki, shugabannin kanikawa da na direbobi da suka baro garejinsu da tashoshinsu suka zo, iyayenmu dattawa da ke sahun gaba, ɗalibai maza da mata, barkanmu da war haka. Ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ga dacewar a ba ni wannan dama, ina kuma roƙon Allah Ya sa abin da za mu tattauna ya amfane mu.

Batunmu na yau shi ne motocin da ke haɗa injin fetur da injin lantarki a jiki ɗaya, waɗanda a gareji da wajen dillalai ake kira haibirid. Tambayoyi biyu ne a gabanmu. Me ya sa kamfanonin da ke gasa da juna a kasuwa suke ba juna wannan fasaha? Kuma da gaske ne motar tana rage wa muhalli nauyi, ko kuwa zaƙin bakin talla ne?

Bari in faɗi matsayina tun da farko, don ku riƙa auna shi yayin da nake magana. Alherin haibirid ga muhalli gaskiya ne, ana iya lissafa shi da lita da kilo, amma yana da iyaka. Kuma wannan alheri yana ƙaruwa ne gwargwadon yawan hannuwan da ilimin motar ya isa gare su, tun daga injiniyan kamfani har zuwa yaron gareji. Zan bi da ku ta kan abubuwa shida.

Na farko: yadda motar take aiki

Injin fetur yana da rauni guda wanda kowane direba ya sani, ko da bai taɓa zama ya yi tunani a kai ba. Yana jin daɗin aiki ne idan mota ta miƙe hanya a gudu ɗaya. A cikin gari kuwa, inda ake tashi a tsaya, a taka totur a taka birki, mafi yawan man da aka zuba yana ƙonewa ne ya zama zafi da hayaƙi. Ku tuna cunkoson Kantin Kwari da yamma: ɗaruruwan injuna suna kaɗawa, tayoyi a tsaye cak, mai yana tafiya a banza.

Haibirid tana toshe wannan ɓarna ta hanyoyi huɗu. Idan ta tsaya a danja, injin fetur yana mutuwa da kansa. Idan za ta tashi, injin lantarki ne ke ɗaga ta, domin shi ƙarfinsa a shirye yake tun daga juyin farko. Idan hanya ta buɗe, injin fetur ya karɓi aiki a gudun da ya fi masa sauƙi, kwamfutar motar tana raba nauyi tsakanin injunan biyu sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Ta huɗun ita ce ta fi burge ni. A mota ta yau da kullum, idan ka taka birki, duk ƙarfin gudun da ka saya da kuɗinka yana zama zafi a jikin faifan birki ya bi iska. A haibirid, injin lantarki yana juyewa ya zama janareto, ya rage gudun motar, ya mayar da wani kaso na ƙarfin cikin batir. Kamar ruwan sama ne da ke zuba daga indararo: wani gida ya bar shi ya bi kwata, wani gida ya tara randa a ƙarƙashi.

Saboda haka haibirid irin wadda aka fi sani ba ta buƙatar a jona ta da wuta, da kanta take cika batirinta. Akwai wata iri mai babban batir da ake jonawa a bango, za mu zo kanta.

Tunanin kansa tsoho ne, domin Ferdinand Porsche ya ƙera irinta a Ostiriya tun wajen 1900. Amma wadda ta fara fita kasuwa da yawa ita ce Toyota Prius, a Japan, cikin Disamba 1997, bayan aikin da injiniya Takeshi Uchiyamada ya jagoranta. A wannan watan ne kuma ƙasashen duniya suka taru a birnin Kyoto suka ƙulla yarjejeniyar rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Honda ta biyo baya da Insight a 1999. Zuwa farkon 2017, Toyota kaɗai ta sayar da haibirid sama da miliyan 10.

Na biyu: wa ya ba wa?

A nan ne labarin yake da ban sha'awa. A 2002 Nissan, babbar abokiyar hamayyar Toyota a gida Japan, ta sa hannu kan yarjejeniyar karɓar kayan haibirid daga Toyota. Da su ta fitar da Altima mai haibirid a Amurka a 2007.

A 2004 Ford ta ƙera nata tsarin don motar Escape. Da injiniyoyinta suka duba, sai suka ga hanyar da suka bi ta yi kusa da wadda Toyota ta riga ta yi wa rajistar haƙƙin mallaka. Maimakon a tafi kotu, sai kamfanonin biyu suka yi musayar lasisi. Waɗannan motoci na Escape daga baya sun zama tasi a birnin New York, suka yi tafiyar ɗaruruwan dubban kilomita, suka kawar da tsoron da mutane ke yi cewa batirin ba zai jure wahala ba.

A daidai wannan lokaci General Motors da DaimlerChrysler suka haɗa kai, BMW ta shigo cikinsu a 2005, don su ƙera tsari ɗaya na manyan motoci su raba kuɗin bincike. Wannan haɗin bai yi nisan kwana ba. Motocin sun yi tsada, kasuwa ta rushe a 2008, zuwa 2009 kowa ya kama gabansa. Na ambace shi ne don mu san cewa ba kowane haɗin gwiwa ke haifar da ɗa mai ido ba.

Mazda ta karɓi lasisi daga Toyota a 2010. Subaru ta yi amfani da fasahar Toyota a Crosstrek ta 2019. Suzuki ta ƙulla ƙawance da Toyota, har ta kai a Turai aka riƙa sayar da RAV4 da Corolla da tambarin Suzuki, da sunan Across da Swace. A Indiya kuwa, tun 2022 masana'antar Toyota da ke Bidadi a jihar Karnataka take ƙera mota guda mai suna biyu: a shagon Toyota Hyryder, a shagon Maruti Suzuki Grand Vitara. Suzuki ta kawo gwanintarta ta ƙaramar mota mai araha da sanin kasuwar Indiya, Toyota ta kawo haibirid.

Babban mataki ya zo a Afrilu 2019, lokacin da Toyota ta sanar cewa ta buɗe haƙƙoƙin ƙirƙira kusan 24,000 da suka shafi injin lantarki da na'urorin sarrafa wuta, duk kamfanin da ya nema zai yi amfani da su kyauta har zuwa 2030. Kuma abin bai tsaya a Japan ba. A 2024 Renault ta Faransa da Geely ta ƙasar Sin suka haɗa sassansu na injuna suka kafa kamfani guda, Horse Powertrain, don ya riƙa ƙera injunan fetur da na haibirid yana sayar wa duk mai so. Kamfanin mai na Saudiyya, Aramco, ya sayi kashi 10 cikin 100 na hannun jarinsa.

Na uku: don me suke rabawa?

Jama'a, ruwa ba ya tsami banza. Ɗan kasuwa ba ya buɗe asirin sana'arsa sai ya ga riba, kuma ban ga aibi a cikin hakan ba. Dalilan a fili suke.

Da farko akwai tsadar bincike. Ƙera batir da injin lantarki da kwamfutar da ke haɗa su aiki ne na shekaru da dubban injiniyoyi. Ƙaramin kamfani kamar Mazda ko Subaru ba shi da ƙarfin ɗaukar wannan shi kaɗai.

Sai yawa. Masana'antar da ke ƙera injin lantarki miliyan ɗaya a shekara tana fitar da kowane guda da araha fiye da mai ƙera dubu hamsin. Idan abokin hamayyarka ya sayi kayanka, ya taya ka rage farashin naka. Ku lura, a sanarwar 2019 takardun ne kyauta. Injunan, da batir, da taimakon injiniyoyin da za su daidaita maka su a motarka, waɗannan da kuɗi ne. Ƙari a kan haka, haƙƙin ƙirƙira shekara 20 yake yi, don haka na farko-farkon Prius wa'adinsu ya riga ya cika ko yana dab da cika.

Sai doka. Daga 2021 zuwa 2024 Tarayyar Turai ta tilasta cewa matsakaicin hayaƙin sababbin motoci kada ya wuce giram 95 na iskar kabon a kowace kilomita, kuma kowane giram da ya haura akwai tarar yuro 95 a kan kowace mota da kamfani ya sayar. Kamfanin da ba shi da haibirid tasa, me zai yi? Ko ya biya tara, ko ya je ya aro. Wannan ya nuna mana cewa doka mai haƙori tana iya tilasta wa kamfanoni haɗin kan da wa'azi bai sa su yi ba.

To shin niyyar riba tana ɓata alherin? A ganina ba ta ɓatawa. A 1959 injiniyan Volvo Nils Bohlin ya ƙirƙiro bel ɗin kujera mai ratsa ƙirji da ƙugu, kamfanin ya bar kowa ya yi amfani da shi. Yau yana cikin kowace mota da ke fake a wajen wannan zaure, kuma rayukan da ya ceta Allah kaɗai Ya san adadinsu. Da Volvo ta riƙe shi, da masu sayen Volvo ne kawai suka tsira. Haka lissafin iska yake. Sararin sama bai san tambarin mota ba, jimillar hayaƙin da ya hau kawai ya sani. Fasahar da ke cikin motocin kamfani ɗaya ta taɓa yanki ne na titi, wadda ke cikin na kamfanoni goma ta taɓa titin gaba ɗaya.

Akwai kuma darasin da nake so ɗalibai su riƙe. Ford da ta fara da sayen giyar haibirid daga Aisin, wani kamfani na rukunin Toyota, zuwa 2012 ta koma ƙera tata a jihar Michigan. Nissan da ta fara da kayan Toyota ta fito da nata tsarin, e-Power, a 2016. Me ya ba su wannan? Suna da injiniyoyin da za su kwance abin da aka ba su, su fahimce shi, su ɗora a kai. Takarda tana amfanar wanda ya iya karanta ta ne kawai.

Na huɗu: lissafin muhalli

Mu bar talla, mu ɗauki alƙalami. Kowace lita ta fetur da ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon dayoksaid, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumamar duniya. Na ga wani ɗalibi yana girgiza kai, yana cewa ai litar kanta ba ta kai kilo ɗaya ba. Haka ne, ɗana. Sauran nauyin daga iskar da injin ya shaƙa yake zuwa, domin kabon da ke cikin mai yana haɗuwa da oksijin ne kafin ya fita ta salansa.

Mu kwatanta mota ɗaya mai jiki ɗaya, Toyota Corolla ta 'yan shekarun nan, bisa awon hukumar kare muhalli ta Amurka. Mai fetur zalla tana shan kimanin lita 6.7 a kilomita 100. Mai haibirid tana shan kimanin 4.7. Idan mutum yana tafiyar kilomita 20,000 a shekara, ta farko za ta sha lita 1,340, ta biyu 940. Bambancin lita 400 ke nan, wato sama da kilo 900 na iskar kabon da ba ta hau sama ba, daga mota guda, a shekara guda. Direban haya da ke ninka wannan tafiya sau uku, ribarsa ma ta ninka sau uku.

Amma ku dubi inda ribar take. A cikin gari, awon ya nuna kimanin lita 7.4 da 4.4, ragin da ya kai kashi 40 cikin 100. A babbar hanya kuwa 5.7 ne da 5.1, ragin kusan kashi 10 kacal. Dalili? Tsakanin Kano da Zariya ba ka cika taka birki ba, babu abin da za a tara. Don haka haibirid motar gari ce: ta tasi, ta ma'aikaci, ta mai kai yara makaranta. Mai dogon zango zai samu sauƙi, amma kaɗan.

Sufuri yana fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga ƙona makamashi, kuma motocin titi ne ke da kaso mafi tsoka a ciki. Afirka duka ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba, amma mu ne muke ganin damina tana rikicewa, zafi yana tsananta, hamada tana matsowa. Duk litar da ba a ƙona ba a Tokyo ko Los Angeles, manomin Gumel yana da rabo a cikinta.

Akwai kuma hayaƙin da ke shiga huhu kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta jawo mutuwar mutane kimanin miliyan 4.2 a 2019. Wa ke shaƙar hayaƙin danja? Ɗan sandan da ke ba da hannu, yarinyar da ke tallar gyaɗa, almajirin da ke tsaye a bakin taga. Motar da ke kashe injinta idan ta tsaya, waɗannan bayin Allah ta fara tausaya wa.

Na biyar: inda alherin ya tsaya

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren da ƙarfi ɗaya. Haibirid tana ƙona fetur. Ta rage kashi 30, saura 70 yana nan. Idan motoci suka ninka a titi, ragin ya narke. Ƙungiyoyin kare muhalli irin su Greenpeace sun sha zargin Toyota da cewa ta rungumi haibirid ne don ta jinkirta komawa motar lantarki zalla, kuma zargin yana da ƙafa. A ƙasa irin Norway, inda kusan duk wutar daga ruwa take, motar lantarki zalla ta fi haibirid tsabta nesa ba kusa ba.

Toyota tana da amsarta. Batirin tsohuwar Prius kimanin kilowat-awa 1.3 ne, na motar lantarki mai dogon zango yakan kai 60 ko fiye. Kamfanin ya ce ma'adinan da za a yi batir ɗaya na lantarki zalla za su isa a yi haibirid 90, kuma ragin hayaƙin 90 ɗin ya fi na guda ɗayan yawa. Lissafin mai kaya ne, a karɓe shi da lura, domin ya dogara ne a kan cewa ma'adinan suna ƙaranci. Duk da haka akwai gaskiya a cikinsa.

Su kansu ma'adinan suna da farashin da ba a rubuta a takardar saye. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, inda a yankin Kolwezi aka sha samun yara a ramukan haƙa. Mu ma abin ya iso ƙofarmu, tunda ana haƙar litiyam a jihar Nasarawa, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a 2024. Idan aka tsabtace iskar wani birni aka bar wa ƙauyenmu rami da gurɓataccen ruwa, an yi adalci?

Sai haibirid mai jonawa a bango da na yi alkawarin dawowa kanta. A takarda ita ce gwarzuwa, domin tana iya tafiyar kilomita masu yawa ba ta taɓa mai ba. Amma a 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da bayanan da aka tattaro daga motocin da ke kan titi, aka ga hayaƙinsu ya ninka na gwaji kusan sau uku da rabi. Masu su ba sa jona su yadda aka zata, sai suka zama motocin fetur masu dakon batir mai nauyi. Fasaha ta yi nata, ɗabi'ar mai ita ta warware.

Na shida: mu kuma ina muka tsaya?

Wani zai ce, Malam, duk wannan labarin Japan ne da Turai. To ku leƙa wuraren dillalan mota. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kimanin kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Abin da suke hawa yau, shi zai sauka a Legas da Kwatano nan da shekara goma. Camry, wadda muka san farin jininta a nan, sabon samfurinta na 2025 a Amurka haibirid ce kawai, babu mai fetur zalla. Ko mun shirya ko ba mu shirya ba, tana tafe. Ga kuma tsadar mai tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, wadda ta sa lita 400 ta zama maganar abincin gida. Habasha, wadda ke da wutar madatsun ruwa, ta hana shigo da motocin fetur na hawa a 2024. Mu da wutarmu ke kai-komo tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ga mutane sama da miliyan 200, motar da ba ta jiran wutar gida tana da gurbi babba a wurinmu.

Sai dai ku zo mu leƙa cikin motar. A Prius da ta fi yawo a kasuwar gwanjo, akwai wata 'yar taga mai raga a gefen kujerar baya. Ta nan fanka ke zuƙo iska ta sanyaya batir. Hunturu ya zo da ƙurarsa, fankar ta cushe, fasinja ya jingina buhu ya toshe tagar, ga zafin watan Afrilu. Batir ya yi ta dahuwa a hankali. Bayan 'yan watanni jan alwatika ya bayyana a gaban direba. Batirin nan gunduwa 28 ne a jere, sau da yawa ɗaya ko biyu ne suka raunana. Bakaniken da ya sani zai sa na'ura ya auna kowace gunduwa, ya wanke fanka, ya faɗa wa mai mota gaskiyar halin da sauran suke ciki. Wanda bai sani ba zai ce motar aljanu ce, a sayar. Tun kafin ma a kai nan, batirin da ya raunana yana tilasta wa injin fetur yin aiki ba hutu, ragin man nan da muka lissafa ya zube. Idan kuma an huda salansa an cire matatar hayaƙi don ƙarafa masu tsada da ke cikinta, kamar yadda ake yi wa motoci da yawa, to tsabtar ma ta tafi.

Iyayena kanikawa, akwai maganar rai a nan. Wayoyin da kuka gani masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wuta sama da bolt 200, ba irin batir mai bolt 12 da kuka saba taɓawa da hannu ba. Ana sa safar roba ta musamman, a zare makullin batir, a jira na'urori su sauke wutarsu, sannan a taɓa. Kuma motar tana iya zama a kunne shiru kamar a kashe, yaro ya zura hannu, injin ya tashi da kansa. Ina roƙonku, kada a koyi wannan darasi a kan ɗan wani.

Mun taɓa ganin irin wannan. Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, aka yi Steyr a Bauchi, aka yi Fiat a nan Kano. An kawo mana akwatunan kaya da zanen yadda ake ɗaura su, amma ƙera kayan ya zauna can. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, masana'antun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Ba basira muka rasa ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana siffar gwajin Chevrolet Volt da General Motors ta nuna wa duniya a 2007, kuma Volt haibirid ce mai jonawa. Daga baya, a 2017, ya dawo ya shugabanci hukumar tsara motoci ta ƙasa. Wanda ya taɓa zagaya Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna ya ga yadda ake tayar da injin da aka fid da rai da shi, ya san akwai hannu. Abin da ya rage shi ne a haɗa hannun da ilimin.

Don haka nake kira da abubuwa huɗu. Kwalejojin fasaha irin wannan su sayi ko da haibirid ɗaya da ta yi haɗari, a kwance ta a gaban ɗalibai, a kuma buɗe ajin yamma ga kanikawa cikin Hausa. Gwamnati, duk kamfanin da zai sayar mana da motoci ko ya harhaɗa su a nan, a sa masa sharaɗin horar da mutanenmu da buɗe musu littattafan gyara da na'urorin bincike. A tashoshin shigowa, a riƙa auna lafiyar batir kafin mota ta shigo, don kada mu zama jujin wasu. Sannan a tanadi wuraren karɓar matattun batura tun yanzu. Mongoliya ta cika titunan Ulan Bato da tsofaffin Prius daga Japan, ta ci moriyar sauƙin mai, yau kuma tana fama da tulin baturan da suka mutu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Ya ku jama'a, haibirid mataki ne na gaske a hanya mai tsawo. Tana rage mai da hayaƙi da kusan kashi ɗaya cikin uku, ta fi yin haka a cikin gari, kuma ba ta ɗauke mana buƙatar motocin haya na jama'a masu kyau da wuta mai tsabta ba. Kamfanoni sun raba fasaharta don ribarsu, duniya ta samu rabo a ciki. Amma rabon ya tsaya tsakanin Toyota da Ford da Suzuki, bai sauko garejin da motar za ta ƙare rayuwarta ba. Saukar da shi aikinmu ne, mu malamai da ku masu sifana, kuma babu wanda zai zo daga Japan ya yi mana shi.

  Yanzu fili naku ne. Ina so a fara da kanikawa da direbobi, domin su ne suka taɓa waɗannan motoci da hannunsu, sannan ɗalibai su biyo baya. Mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, bismillah.